Sabo turken wawa: dole ne matuƙin jirgin sama ya koma aji

Ranar Lahadi, a fadarmu ta shayi, gardama ta kaure a kan aikin da ba wanda ya taɓa yi a cikinmu, wato tuƙin jirgin sama. Wani ƙanenmu ne ya kawo zancen. Ya ce ya ji wai matuƙi, ko ya shekara 20 yana tuƙi, in aka ɗauke shi daga wani samfurin jirgi aka kai shi wani, sai ya koma aji ya zauna jarrabawa. Kuma ko bai canza jirgi ba, duk wata shida sai an sake gwada shi.

Wani babban yayanmu a aikin koyarwa, wanda ya riga ni riƙe alli da shekara 12, ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce: "Malam, wannan ai cin fuska ne. Jirgi jirgi ne. Mutum ya yi furfura a sama, sannan a zaunar da shi gaban ɗan cikinsa yana ba shi maki? Hanyar cin kuɗɗi ce kawai." Wani ya karɓe ya ce: "Ai Turawa ba su buƙatar wannan. Namu na Afirka ne ba su iya ba, shi ya sa jirgin Habasha ya faɗi." Na uku ya rufe zancen da cewa in ajali ya zo babu horon da ke tare shi.

Na yi shiru a wurin, don ba a ja da babba a gaban yara. Amma maganar ta kwana a raina, domin duka ukun sun yi kuskure, kuma irin kuskuren da ya riga ya ci rayuka ne. Yaya, ka yi mini afuwa, yau zan amsa a rubuce.

Da farko mu san abin da dokar ta ce. Hukumar duniya mai kula da jiragen farar hula, ICAO, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, mai mazauni a Montreal na Kanada, ita ke shimfiɗa ƙa'idoji, kowace ƙasa kuma ta mayar da su doka. A Nijar hukumar ANAC ce ke da wannan alhaki. A wannan tsari, lasisin matuƙi bai ishe shi ya hau kowane babban jirgi ba. A cikin lasisin ake rubuta masa samfurin da aka yarje masa, misali Boeing 737 ko Airbus A320. In zai koma wani samfuri, sai ya yi makonni yana karatun injinan jirgin da wutarsa da mansa da birkinsa. Daga nan ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi, wani ɗaki da aka ƙera daidai da ɗakin matuƙan wannan jirgi, yana motsi yana girgiza, inda malamin tuƙi zai kashe masa inji ɗaya yana tsakiyar tashi, ko ya tayar masa da gobara, ya ga yadda zai yi. In ya ci jarrabawa, sai ya fara ɗaukar fasinja da malami a gefensa na tsawon tafiye-tafiye masu yawa, kafin a sake shi.

Bayan haka ma takardar tana da wa'adi. Sau biyu a shekara ana gwada ƙwarewarsa. In kwana 90 suka wuce bai tashi sau uku ya sauka sau uku da wannan samfuri ba, ko a jirgi ko a na'urar kwaikwayo, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya cike giɓin. Likita na duba shi duk shekara, in ya haura 60 duk wata shida, in ya cika 65 ya ajiye tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe. In ya bar wani samfuri ya daɗe, izinin da yake da shi a kansa ya mutu, ranar da zai koma sai an sabunta masa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai permin ƙaramar mota ba ya ɗaukar bas mai mutum 70 daga Maraɗi zuwa Yamai, sai ya nemi permin da ya dace. Ba wanda ya ce cin fuska ne. To me ya sa in an zo kan abin da ke ɗauke da mutum 200 a sama da gajimare sai mu ce jirgi jirgi ne?

Jirgi ba jirgi ba ne. A Boeing 737 sitiyari yana gaban matuƙi, kuma na babban matuƙi da na mataimakinsa a haɗe suke, in ɗaya ya ja ɗayan zai ji a hannunsa. A Airbus A320 ɗan sanda ne a gefe, kowa da nasa, ba a haɗe ba. A Boeing, in na'ura ce ke riƙe da gudun jirgi, hannun totur yana motsawa gaba da baya, matuƙi na gani. A Airbus hannun yana tsaye wuri ɗaya. Mutumin da ya shekara goma idonsa da hannunsa sun saba da ɗaya, ranar tashin hankali jikinsa zai koma ga abin da ya saba tun kafin tunaninsa ya iso.

Ga misali daga Ingila, don kada a ce na tsallake Turawa. Ranar 8 ga Janairu 1989, jirgin kamfanin British Midland ya tashi daga Landan za shi Belfast da mutum 126. Sabon jirgi ne fil, Boeing 737-400. Yana cikin hawa sai ruwan farfela ɗaya ya karye a injin hagu. Jirgi ya ɗauki girgiza, warin hayaƙi ya shigo. Babban matuƙin ba yaro ba ne, ya haura awa 13,000 a sama. Amma a kan wannan sabon samfuri awa 23 kawai gare shi, mataimakinsa kuma 53. Horon da aka ba su na sauyawa daga 737-300 zuwa 737-400 ɗan gajeren darasi ne, kuma ba su taɓa gwada sabon allon ma'aunai a na'urar kwaikwayo ba, don kamfanin ba shi da mai irinsa.

Me ya faru? A jiragen da babban matuƙin ya saba da su, iskar da ake hura wa fasinja galibi daga injin dama take zuwa. Da ya ji hayaƙi sai ya ƙaddara injin dama ne. A sabon samfurin kuwa daga injinan biyu take zuwa. Akwai ma'aunin girgiza a gabansu da ke nuna hagu ne, amma a sabon allon ɗan ƙarami ne, kuma a tsofaffin jirage an san irin wannan ma'auni da ƙarya, har matuƙa sun saba ba su kula shi. Sai suka kashe injin dama mai lafiya, suka ci gaba da na hagu mai ciwo. Da suka zo sauka suka ƙara masa wuta, ya mutu. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth, saura ƙiris ya kai titin sauka. Mutum 47 suka rasu.

Yaya, dubi wannan da kyau. Ba rashin gogewa ne ya kayar da jirgin nan ba. Gogewar ce da kanta ta yaudare su, don gogewar wani jirgi ce aka ɗora wa wani. Awa 13,000 ta ce masa dama, jirgin da ke hannunsa yana cewa hagu. Kama da wane ba wane ba ce. Furfurar da ka ce a girmama, ita ce ta fi buƙatar a mayar da ita aji, domin sabon shiga ya san bai sani ba, yana duba littafi. Tsohon hannu ne ke amincewa da kansa.

Akwai wani abu a wannan hatsari da ya fi tsaya mini. Fasinjojin da ke zaune ta baya sun ga wuta na fita daga injin hagu da idonsu. Babban matuƙi ya yi sanarwa cewa injin dama ne ya samu matsala kuma an kashe shi. Wasu sun yi mamaki, amma ba wanda ya buɗe baki. Kowa ya ce a ransa ai matuƙi ya fi ni sani. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Misali na biyu. Ranar 6 ga Yuli 2013, jirgin kamfanin Asiana na Koriya ta Kudu, Boeing 777, ya zo sauka a San Francisco na Amurka da mutum 307, da rana tsaka, sama garau. Wanda ke tuƙi yana da kusan awa 10,000, ya yi shekaru yana babban matuƙi a Airbus A320, amma a 777 bai kai awa 50 ba. Yana cikin tafiye-tafiyen koyo ne, kuma malamin da ke gefensa ranar ce ta farko da ya fita a matsayin malami. Matuƙin ya ja hannun totur baya, yana zaton na'ura za ta ci gaba da tsare masa gudu. A yanayin da ya sa jirgin, na'urar ta saki wannan aiki. Gudu ya yi ta raguwa ba wanda ya farga sai da lokaci ya ƙure. Wutsiyar jirgin ta daki katangar bakin teku. Ƴan mata uku, ɗalibai daga Sin da suka zo hutu na karatu, suka rasu. Hukumar binciken Amurka ta ɗora laifi ga matuƙan, ta kuma ce horon da aka ba su bai fayyace musu yadda wannan na'ura take aiki ba. Kun ga ke nan ko horon ma, in na cika takarda ne, bai wadatar ba.

Yanzu mu zo kan kuɗɗi, inda Yaya ya ce hanyar ci ce. Gaskiya ne akwai kuɗɗi a ciki, amma ya juya lissafin. Masu neman riba ba ƙara horo suke so ba, rage shi suke so, kuma ga shaida.

A Disamba 2010 kamfanin Airbus ya sanar da A320neo, jirgi mai sababbin injina masu tsimin mai. Boeing ya ga kasuwa za ta kuɓuce masa. Maimakon ya ƙera sabon jirgi daga tushe, a Agusta 2011 sai ya yanke shawarar ɗora manyan injina a kan 737, jirgin da ya fara tashi tun 1967, ya kira shi 737 MAX. Babban abin tallarsa shi ne: matuƙanku na tsohon 737 za su hau wannan ba tare da sun shiga na'urar kwaikwayo ba. Har ya yi wa kamfanin Southwest na Amurka alkawarin rangwamen dalar Amurka miliyan 1 a kan kowane jirgi, in hukuma ta tilasta irin wannan horo.

Matsalar ita ce 737 gajere ne, cikinsa kusa da ƙasa yake. Manyan injinan ba su shiga inda tsofaffin suke, sai da aka tura su gaba aka ɗaga su sama. Wannan ya canza halin jirgin a wasu yanayi, hancinsa ya fi saurin ɗagawa. Don a ɓoye wannan bambanci, ya zama matuƙi ya ji kamar tsohon jirginsa yake tuƙi, sai aka sa wata manhaja mai suna MCAS, wadda ke danna hancin jirgi ƙasa da kanta in ta ga ya ɗaga da yawa. Manhajar tana karɓar labari daga ma'auni ɗaya tak a gefen hancin jirgin. In wannan ma'auni ya yi ƙarya, ita ma ta bi shi. Kuma aka cire bayaninta daga littafin matuƙa. Horon sauyawa zuwa MAX ya zama darasi a kan iPad wanda bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, kuma ko a cikinsa ba a ambaci MCAS ba.

Ranar 29 ga Oktoba 2018, jirgin Lion Air ya tashi daga Jakarta ta Indonesiya. Ma'aunin ya yi ƙarya. Manhajar ta danna hanci ƙasa, matuƙa suka ɗago, ta sake dannawa, fiye da sau 20, suna kokawa da abin da ba a taɓa gaya musu yana cikin jirginsu ba. Bayan minti 13 jirgin ya faɗa tekun Java da mutum 189. Ranar 10 ga Maris 2019, jirgin Ethiopian Airlines, kamfanin da jiragensa ke sauka a Yamai, ya tashi daga Adis Ababa za shi Nairobi. Minti 6 ya yi a sama ya faɗi kusa da Bishoftu da mutum 157 daga ƙasashe 35. A cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi, malamin jami'a kuma marubuci ɗan Najeriya. Rayuka 346 cikin ƙasa da wata biyar.

Abin da ya fi ciwo ya fito daga baya. A Janairu 2020 aka saki saƙonnin cikin gida na ma'aikatan Boeing. A ciki aka ga cewa tun 2017 Lion Air ya nemi a ba matuƙansa horo a na'urar kwaikwayo kafin su hau MAX. Ma'aikatan Boeing suka lallashe shi ya janye, suna kuma yi masa ba'a a tsakaninsu suna kiran mutanensa wawaye. Mai saye ya roƙi ƙarin karatu, mai sayarwa ya hana. Yaya, a nan wa ke cin kuɗɗi? Mai cewa a koma aji, ko mai cewa jirgi jirgi ne?

Araha ba ta ado. An dakatar da MAX a duniya baki ɗaya daga Maris 2019, a Amurka sai Nuwamba 2020 aka sake shi, wata 20 ke nan. A Janairu 2020 Boeing da bakinsa ya dawo ya ce a ba matuƙa horo a na'urar kwaikwayo, abin da ya yi shekaru yana yaƙa. A Janairu 2021 ya amince ya biya dalar Amurka miliyar 2 da rabi a sulhu da ma'aikatar shari'a ta Amurka, ya kuma yarda cewa ma'aikatansa sun yaudari hukumar jiragen sama ta ƙasar game da MCAS. Garin neman gira an rasa ido.

Sai mai cewa namu na Afirka ne ba su iya ba. Ba shi kaɗai ya faɗi haka ba, har a majalisar dokokin Amurka an samu wanda ya ce da matuƙan da aka horar a Amurka ne da sun tsira. Ba zan ɓoye gaskiya don kishi ba. Rahoton Indonesiya ya lissafa kurakuran gyara da na matuƙa. A hatsarin Habasha, masu binciken Amurka da na Faransa sun ce matuƙan sun bar injina da cikakkiyar wuta har gudu ya yi yawa, kuma mataimakin matuƙin awa 361 kawai gare shi a sama. Duk wannan haka yake. Amma matuƙan Habasha sun kashe wutar na'urar kamar yadda umarnin da aka fitar bayan hatsarin farko ya ce, suka koma juya wilin gyaran hanci da hannu, ya ƙi juyuwa saboda ƙarfin iska. Daga baya Boeing ya amsa cewa ko na'urorin kwaikwayon MAX ɗin da ake da su ba su nuna nauyin wannan wili yadda yake a zahiri.

Kuma lissafin Boeing ya ginu ne a kan cewa matuƙi zai gane matsalar ya ɗauki mataki cikin daƙiƙa huɗu. Binciken majalisar wakilan Amurka na 2020 ya gano cewa matuƙin gwaji na Boeing ɗin kansa ya taɓa ɗaukar fiye da daƙiƙa goma a na'urar kwaikwayo. Sannan Chesley Sullenberger, Ba'amurken da ya saukar da jirgi a kan kogin Hudson a 2009 ya tsirar da mutum 155, ya gwada yanayin da kansa, ya je gaban majalisa a Yuni 2019 ya shaida cewa ko da ya san abin da ke tafe, ya ga yadda lokaci zai iya ƙure wa matuƙa, ya kuma nemi a tilasta horo a na'urar kwaikwayo. Matuƙan Kegworth Turawa ne. Jirgi ba ya duba launin fata ko fasfo, abin da hannunka ya maimaita jiya yake tambaya. In ma mun yarda cewa wasu matuƙa sun fi wasu rauni, ai wannan hujja ce ta ƙara horo, ba ta rage shi ba.

Mai maganar ajali kuwa, ba ni da ja da shi a kan cewa kowa da ranarsa. Amma shi kansa ba ya hawa motar da aka ce masa birkinta ya tsinke, kuma in ɗansa ya yi zazzaɓi da dare ba ya jiran gari ya waye. Ana kawo zancen ajali don a yi wa wanda aka yi wa rashi ta'aziyya. In aka kawo shi don a wanke wanda ya cire shafi daga littafin matuƙa saboda dala miliyan 1, an zalunci mamatan sau biyu.

Akwai inda zan ba Yaya gaskiya. Tsarin yana da tsada, kuma sau da yawa nauyin yana faɗawa kan mai ƙaramin ƙarfi. Horon samfuri ɗaya kamar A320 yakan haura Yuro 20,000, wato sama da miliyan 13 na sefa, kuma akwai kamfanonin da ke sa matashin da ya gama makarantar tuƙi ya biya daga aljihunsa kafin su ɗauke shi. Iyayen da ɗiyansu ke mafarkin tuƙin jirgi su sa wannan a lissafi, takardar makaranta ba ita ce ƙarshen biya ba. Wannan zalunci ne da ya kamata a yaƙa. Kamfanin da zai ci ribar jirgi shi ya dace ya biya horon mai tuƙa shi. Amma maganin tsadar magani ba shi ne a daina shan sa ba.

Zan kuma yarda cewa jarrabawa na iya zama wasan kwaikwayo. A Yuni 2020 ministan jiragen sama na Pakistan ya faɗa gaban majalisar ƙasarsa cewa matuƙa 262 cikin 860 ana shakkar lasisinsu, ana zargin wasu ma wani ne ya zauna musu jarrabawa. Nan take Tarayyar Turai ta hana kamfanin jiragen ƙasar shiga sararinta, haramcin da ya ɗauki fiye da shekara huɗu. Mu da muke tsaron jarrabawa duk shekara mun san wannan cuta. Takardar da aka saya ta fi rashin takarda haɗari, don tana sa a amince da wanda bai kamata ba.

Na ce ba zan yi wa Yaya shiru ba, to bari in faɗi inda abin ya taɓa ni. Na fito makarantar horon malamai, na yi shekara tara ina koyar da manyan yara masu shirin shiga kwaleji, har ana yabon ajina. Wata shekara, ana saura kwana kaɗan a koma lakwal, aka miƙo mini takarda cewa an mayar da ni ajin farko, na masu shekara shida da bakwai. Ko yini ɗaya ba a zaunar da ni an nuna mini yadda ake yi ba, ni ma ban nema ba. Na ce aji aji ne. Na shiga da hanyar da na saba, ina cika allo da rubutu, ina dogon bayani. Wata uku suka wuce, yawancin yaran ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Wata malama da na girme ta da kusan shekara goma ce ta zauna da ni bayan an tashi, ta nuna mini yadda ake fara wa yaro da sauti kafin harafi. Na ji kunya, na kuma koya. Amma wata ukun nan na yaran mutane ba su dawo ba, kuma ba wanda ya zo bincike, don ajin da ya faɗi ba ya ƙara ba ya hayaƙi.

Shi ya sa ba na jin tsarin matuƙa a matsayin cin fuska. Ku lura da yadda aka gina shi. Matuƙi ya san ranar gwajinsa, ya san abin da za a tambaye shi, ana horar da shi kafin a gwada shi, in ya gaza a sake horar da shi a sake gwadawa, kuma doka ɗaya ce a kan sabon shiga da mai furfura, har shi malamin da ke ba da maki ana gwada shi. Wanda ya tuna hayaniyar da aka yi a ƙasar nan a 2017 kan gwajin malaman kwantaragi zai gane bambancin. Gwajin da ya faɗo wa mutum sau ɗaya ba tare da horo ba, tarko yake ɗaukarsa. Horon da babu gwaji a bayansa kuma, mun sani, zaman karɓar kuɗɗin zama ne. Matuƙa sun haɗa biyun, suka mayar da shi al'ada, har ya zama ba abin kunya ba ne a ga mai awa 20,000 riƙe da littafi. Gemu ba ya hana ilimi.

Ku kuma iyaye, ku tuna fasinjojin Kegworth da suka ga wuta a hagu, suka ji an ce dama, suka yi shiru. Bayan wannan hatsari kamfanonin jirage sun ƙara ƙarfafa horar da ma'aikatan cikin jirgi da matuƙa tare, don ƙarami ya iya gaya wa babba abin da idonsa ya gani. In kun ga abin da bai yi daidai da abin da aka gaya muku ba, a jirgi ne ko a mota ko a littafin ɗanku, ku faɗa, da ladabi amma ku faɗa.

Duk shekara dubban alhazanmu na tashi daga filin Diori Hamani, ɗiyanmu na tafiya karatu, ƴan kasuwarmu na kai da kawowa. Ba mai sanin sunan wanda ke gaba a ɗakin matuƙa. Abin da kawai muka dogara da shi, bayan kariyar Allah, shi ne cewa cikin wata shidan da suka wuce wani ya zaunar da mutumin nan a na'urar kwaikwayo ta wannan samfurin jirgi, ya kashe masa inji, ya ga ya kashe wanda ya dace. Duk mai son a sassauta wannan, kamfani ne ko hukuma ko mai hira a fada, sai ya fara gaya mana a wane jirgi zai sa iyalinsa.

Yaya, shayin Lahadi mai zuwa ni zan saya, kuma in kana da amsa ina saurare. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya kai matafiya gida lafiya.